Asusun gida na ƙungiyar gama kai: abin da na gani cikin shekara biyar ina tara kafin alƙalami a Kaduna

A ƙarshen watan Disamban 2020, mai gidan da nake haya a Badarawa ya aiko ɗansa da takarda yana sanar da ni cewa kuɗin hayar ciki biyu da falo zai tashi daga naira 200,000 zuwa 250,000 a shekara. Ban ga laifinsa ba, domin shi ma da kuɗin hayar yake riƙe da iyalinsa. Amma a daren nan matata ta ɗauko wata tsohuwar jaka da take adana rasit ɗin haya a ciki tun daga shekarar aurenmu, muka baje su a kan tabarma muka lissafa ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya muka ƙirga a gidaje uku, a Tudun Wada da Unguwar Dosa da Badarawa, kuma jimillar ta haura naira miliyan ɗaya da rabi ba tare da mun mallaki ko bulo guda ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, in ba a fara ba, haka za mu tsufa a gidan mutane." Cikin makon farko na Janairun 2021 na je ofishin ƙungiyar gama kai ta wurin aikinmu, wadda kowa ke kira kofaretib, na cike fom ɗin shiga asusun gida.

Wannan asusu ne nake so in yi sharhi a kansa, bayan kusan shekara biyar ana cire mini kuɗi a cikinsa kowane wata. Ban ambaci sunan ƙungiyar ba saboda ma'aikatan wurinmu kaɗai ke iya shiga, sannan tsarinta kusan ɗaya ne da na ƙungiyoyin da ke makarantu da asibitoci da ma'aikatu da dama a cikin garin Kaduna, don haka wanda ke da irinta a wurin aikinsa zai gane abin da nake faɗa ko da sunan ya bambanta.

Ƙungiyar tana da asusu iri biyu. Akwai ajiyar yau da kullum, wadda mutum ke iya neman wani abu daga ciki idan salla ta zo ko kuɗin makaranta ya taso, sannan akwai asusun gida, wanda aka keɓe don tara kafin alƙalami na sayen gida ko fili. Sharaɗin na biyun shi ne ba a taɓa shi sai ya shekara uku, kuma ko bayan nan sai mutum ya rubuta takarda ya ba da sanarwar wata uku. Mutum shi yake zaɓar abin da za a riƙa cire masa, sai ƙungiyar ta aika sunansa ofishin albashi, kuɗin ya fita kafin alat ya shigo wayarsa. Na fara da naira 25,000 a wata, na mayar da shi 35,000 a farkon 2023, sannan 50,000 a farkon 2025. Burina a lokacin a bayyane yake: akwai wani maginin gidaje da ƙungiyar ke hulɗa da shi, wanda ke sayar da gida mai ɗaki biyu a wajen gari kan naira miliyan 6, a biya kashi 25 cikin ɗari a farko, ragowar kuma a biya a hankali. Ke nan ina neman naira miliyan ɗaya da rabi, kuma na ba kaina shekara huɗu zuwa biyar.

Babban abin da zan yaba wa wannan tsari da shi, wanda kuma ya isa shi kaɗai ya sa in ce ma'aikaci ya shiga, shi ne yadda yake raba mutum da kuɗinsa kafin hannunsa ya kai gare su. Kafin 2021 na gwada ajiya a banki sau biyu da niyyar gida, kuma duka biyun ba su kai wata takwas ba, domin katin cirar kuɗi yana aljihuna, buƙata kuwa ba ta ƙarewa a gidan mai iyali. Yau rashin lafiyar yaro, gobe gudummawar biki, jibi ta'aziyya a Zariya ko Saminaka wadda ba a zuwa hannu rabbana. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira almubazzaranci, kuma wannan shi ne wahalar al'amarin, domin kuɗin gida ba a banza suke tafiya ba, a kan abubuwa masu hujja suke tafiya har su ƙare. Na kuma yi adashi da abokan aiki, kuma adashi yana da amfaninsa, sai dai kwasa ɗaya ba ta isa kafin alƙalami, kuma ranar da mutum ya kwasa kowa ya san ya kwasa.

Zan kawo misali ɗaya da har yanzu yake mini nauyi a rai. A tsakiyar 2022 ƙanena ya zo mini da maganar sayen Keke Napep, ya ce, "Yaya, na san kana da ajiya a wurin aiki, ka ranta mini dubu ɗari huɗu, kafin shekara na mayar maka." Yaro ne mai ƙoƙari kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Da kuɗin suna banki, na san da na ba shi a ranar, domin ba zan iya kallon idonsa in ce babu ba alhali akwai. Sai na ɗauko masa takardar sharuɗɗan asusun na nuna masa inda aka rubuta shekara uku, ya karanta da kansa, ya ce ya fahimta. Na ba shi abin da zan iya daga albashin watan, muka rabu ba tare da ɓacin rai ba. Wannan takarda ta kare mini kuɗina, ta kuma kare zumuncin da ke tsakaninmu, domin amsar ba daga bakina ta fito ba.

Abu na biyu da ya kwantar mini da hankali shi ne babu kuɗin ruwa a harkar. Ƙungiyar ba ta ba da ruwa a kan ajiya, ba ta kuma karɓa a kan bashi. Abin da take yi shi ne ciniki: tana sayo shinkafa da mai da sukari gab da azumi ta sayar wa mambobi a biya cikin wata shida, tana sayo babura da firji da kwanon rufi ta ɗora riba sananniya wadda aka yi yarjejeniya a kanta tun farko, irin cinikin da malamai ke kira murabaha. A ƙarshen shekara a cire kuɗin gudanarwa, a raba ribar gwargwadon ajiyar kowa. Ga wanda yake gudun riba irin ta banki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ne yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, zuwa TAJBank da ya biyo baya a 2019 da Lotus a 2021, amma ajiya a banki, ko wane iri ne, tana barin mabuɗin a hannun mai kuɗi, kuma na riga na faɗi abin da mabuɗin ya yi mini.

Zuwa Disamban 2024 an cire mini naira 1,440,000, kuma rabon ribar shekara huɗu ya ƙara mini kusan 90,000. Ma'ana na cika naira miliyan ɗaya da rabi da na sa a gaba, cikin lokacin da na ɗiba wa kaina, ba tare da tsallake wata ko ɗaya ba. Na je ofishin ƙungiyar da farin ciki na tambayi maganar gidajen nan, sai sakatare ya buɗe fayil ya nuna mini sabon farashi. Gida irin wanda aka ce miliyan 6 a 2021 ya koma miliyan 14, kashi 25 ɗinsa kuma ya zama miliyan uku da rabi. Na daɗe a zaune a kan benci ina kallon takardar. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba kai kaɗai ba ne, duk wanda ya fara tare da kai haka ya tarar."

A nan ne raunin asusun yake, kuma dole in tsaya a kansa, domin shi ne abin da ba a gaya mini ba ranar da na cike fom. Asusun yana tsare adadin kuɗi, amma ba ya tsare darajarsu. Kowa ya san abin da ya faru a shekarun nan. A farkon 2023 aka sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, ana kukan targaɗe sai ga karaya: ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari a Disamban 2023, sannan kashi 34.80 a Disamban 2024. Waɗannan alƙaluma ne na takarda, amma ni da buhun siminti na auna nawa. Lokacin da na fara zubi, buhu bai kai naira 4,000 ba, don haka 25,000 ɗina na wata yana sayen kusan buhu bakwai. A watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. A watan nan ana cire mini 35,000, kuma ba su kai buhu huɗu ba. Na ƙara zubi, abin da zubin ke saye ya ragu da rabi. Rodi da katako da kwanon rufi da tirelar yashi duk haka suka bi, kuma maginin gidaje ba zai sayar a tsohon farashi ba alhali da sabon farashi ya gina.

Ribar da ƙungiyar ke rabawa ba ta ko kama ƙafar wannan hauhawa ba. Ko masu ajiya a bankunan da ke ba da ruwa ba su tsira ba, domin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da babban bankin ya ƙayyade, kuma ma'aunin yana kan kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wato abin da ƙa'idar ta tabbatar wa mai ajiya bai wuce kashi 8 da 'yan kai ba, a shekarar da farashi ya tashi da fiye da kashi 30. Ban ɗora wa ƙungiyar laifin tattalin arzikin ƙasa ba. Laifin da nake ganin nata ne shi ne barin kuɗin asusun gida, waɗanda ta san ba za a taɓa su ba sai bayan shekara uku, suna kwance a banki ko suna juyawa a cinikin shinkafa, maimakon a mayar da su abin da yake tashi tare da farashin gida. A babban taron shekara na tashi na kawo shawara biyu: ko dai ƙungiyar ta sayi babban fili a wajen gari ta yanka wa masu asusun gida gwargwadon ajiyarsu, ko kuma ta sa wani kaso a Sukuk na gwamnatin tarayya, wato tsarin saka jari da ba ruwa a cikinsa, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, da kuɗin haya na kashi 16.47 a shekara, kuma ana shiga da abin da ya kama daga naira 10,000. Shugaban ƙungiyar ya saurare ni da mutunci, ya ce tsoronsu shi ne a ɗaure kuɗi a fili ko a takarda, sannan mutane goma su yi ritaya a lokaci guda su zo neman haƙƙinsu. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana da amsa, domin ranar ritayar kowane mamba a rubuce take a fayil ɗinsa, ana iya lissafa ta shekaru kafin ta zo. An kafa kwamiti a kan maganar, kuma har zuwa taron da ya biyo baya bai kawo rahoto ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana ni neman lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, tunda ni ma'aikacin gwamnati ne kuma ana cire mini kashi 2.5 cikin ɗari na albashi saboda shi, kamar yadda dokar 1992 ta tanada. Na bincika, kuma yana da kyau duk mai neman gida ya san sharuɗɗansa. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke riƙe da asusun, kuma wanda ya yi wata shida yana zubi yana da damar neman lamuni ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, a biya cikin lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. Tun 2018 aka sassauta kafin alƙalami, aka ce lamunin da bai wuce miliyan 5 ba babu abin da za a ajiye, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin ɗari ne. A kan gidan miliyan 14, kashi goma shi ne miliyan 1.4, kuma ina da su a hannu. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Shekarun aikin da suka rage mini ba su wuce ashirin ba, kuma idan aka raba miliyan 12.6 a kan shekara ashirin da ruwan kashi 6, biyan kowane wata yana kama naira 90,000 da ɗoriya. Ƙa'idarsu ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu, wato sai mai samun kusan 270,000 a wata, kuma albashina bai kai nan ba. Ga kuma batun ruwan kansa, wanda ni da iyalina muka riga muka yanke shawarar guje masa. Darasin da na ɗauka daga wannan lissafi ya shafi kowane mai tara kafin alƙalami: tun kafin ya fara, ya lissafa ko albashinsa zai ɗauki biyan ragowar, domin tara kason farko shi ne mafi sauƙin ɓangaren sayen gida.

Akwai wasu kurakurai na gudanarwa da ya kamata in faɗa. Har yanzu a babban littafi ake rubuta ajiyar mambobi da hannu, sannan a kwafa a ɗan katin da kowa ke riƙewa. A 2023 na kai katina a cike mini, sai na ga babu watan Maris da Afrilu, alhali takardar albashina ta nuna an cire. Ashe ofishin albashi ne ya yi jinkirin tura kuɗin watannin biyu, da suka iso kuma aka shigar da su a dunƙule ba tare da an rarraba wa kowa nasa ba. Sai da na yi zuwa uku ɗauke da takardun albashi kafin ma'aji ya gyara. Bai yi mini gardama ba ko sau ɗaya, kuma ban ga alamar rashin gaskiya a tare da shi ba, amma da ban adana takardun nan ba, da naira 70,000 sun ɓace a tsakanin littafi da kati. Ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin ɗaruruwan mutane ta isa ta sayi kwamfuta ɗaya ta riƙa aika wa kowa saƙon waya a ƙarshen wata.

Sai maganar tsayawa wani. Duk wanda zai karɓi kaya bashi sai mambobi biyu sun sa masa hannu, kuma mutane suna sa hannun nan cikin sauƙi kamar gaisuwa. Na tsaya wa wani abokin aiki da ya karɓi babur, bayan wata biyar aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ma'aikata, cirewar ta tsaya, sai kawai na ga an riƙe wani ɓangare na ajiyata a matsayin jingina. Mutumin kirki ne, da aka same shi ya ci gaba da biya da kansa, aka sake mini kuɗina bayan wata huɗu. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya bayyana mini tun farko cewa asusun gida ma yana cikin abin da ake iya riƙewa. Tun daga nan ban sake sa wa kowa hannu ba sai na san yadda za a yi idan albashinsa ya bar hannun ofishinmu.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare ya fi sauran girma, ko da yake bai taɓa faruwa da mu ba. Kuɗin da ke banki yana da inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 idan banki ya rushe. Ajiyar mamba a ƙungiyar gama kai ba ta da wannan kariya. Abin da ke tsare ta shi ne amanar shugabanni, da rajistar da ƙungiyar ta yi da gwamnati, da binciken odita, da kuma idon mambobi. Saboda haka nake ganin wanda ba zai halarci babban taron shekara ba, ba zai karanta rahoton kuɗi ba, bai kamata ya zuba miliyoyi a irin wannan asusu ba. A taronmu na bara, cikin mambobi sama da ɗari uku, waɗanda suka zauna har aka gama karanta rahoton odita ba su cika zaure ɗaya ba, mafi yawa sun zo ne jin nawa za a raba.

Duk da haka, ƙungiyar ce ta fitar da ni daga tsaka mai wuya. Bayan na ga sabon farashin gidan, ga kuma hayar Badarawa ta kai naira 450,000, sai muka zauna da matata muka sauya shawara: maimakon mu ci gaba da bin kafin alƙalamin da kullum yake gaba da mu, gara mu mayar da abin da muka tara ƙasa, mu yi gini a hankali. Na samu rabin fuloti, ƙafa hamsin-hamsin, a bayan Rigachikun a ƙaramar hukumar Igabi, kan naira miliyan 2.2. Na rubuta takardar sanarwa a watan Maris na 2025, kuma a nan ma an yi jinkiri, domin wata ukun da aka ce ya zama kusan biyar, har dillali ya fara kira yana cewa akwai wani mai so. Amma da aka tashi, an yi aikin yadda ya kamata. Ƙungiyar ce ta sayi filin da sunanta, ta sayar mini a kan miliyan 2.3, na biya miliyan 1.2 daga asusun gida a matsayin kafin alƙalami, ragowar miliyan 1.1 kuma aka raba ta wata 24, wato naira 45,800 da 'yan kai a wata. Abin da ya rage a asusun nawa shi ya tsaya a matsayin jingina, tunda ƙa'idarsu ita ce bashi kada ya wuce ninki biyu na ajiya.

Abin da ya fi burge ni a wannan ciniki shi ne taka-tsantsan ɗin kwamitin filaye. Ni da na ga takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, hankalina ya kwanta. Wani dattijo a kwamitin, wanda ya daɗe yana wannan aiki, ya ce, "Malam, takardar mai unguwa tana nuna wanda ya sayar maka, ba ta nuna ko gwamnati ta shata hanya a wurin." Ya ƙi yarda a fitar da ko kwabo sai da aka je hukumar KADGIS, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2015 don rajistar filaye da ba da takardar shaidar mallaka, aka duba wurin a taswira aka tabbatar ba ya cikin filin gwamnati ko hanyar da aka tsara. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna cikin shekaru goman da suka wuce ya ga gine-ginen da aka rushe saboda an yi su a inda bai dace ba ko ba tare da izini ba. Dattijon ya kuma ja mini kunne kada in haƙa harsashi sai na samu amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, a kan zanen ginin. Wannan shawara ba a rubuce take a cikin sharuɗɗan asusun ba, kuma ba a caje ni komai a kanta ba, amma a wurina ta fi duk ribar da aka raba mini cikin shekara huɗu.

Ga ma'aikacin da albashinsa ke shigowa a kan kari, wanda kuma ya san kuɗi ba sa kwana a hannunsa saboda nauyin da ke kansa, ina ba shi shawarar ya shiga irin wannan asusu, ya adana takardar albashinsa ta kowane wata, ya kai katinsa a cike masa aƙalla sau huɗu a shekara. Amma kada ya yi abin da na yi na sa adadi ɗaya a gaba ya rufe ido shekara huɗu. Ya riƙa tambayar farashin gidan ko filin da yake so duk bayan wata shida, kuma da zarar shekara ukun sharaɗi sun cika, ya nemi hanyar mayar da kuɗin fili mai takarda ko kayan gini da ba sa lalacewa. Da na yi haka a farkon 2024, da fuloti cikakke na saya a inda yanzu na samu rabi. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu wanda ba a cire masa daga tushe ba zai samu babban amfanin tsarin ba, domin ƙarfinsa duka yana cikin cirewar da ake yi kafin kuɗi su iso hannu.

A ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki matata da yaran muka je filin. An kafa duwatsun iyaka huɗu, na kuma sa an buga bulo ɗari uku an jera su a gefen gabas an rufe da tsohon tamfol. Birkilan da zai yi mana aiki ya auna da igiya ya nuna inda ɗaki biyu da falo da kicin za su zauna, ya ce a bar wajen rijiya ta kusurwar arewa. Saura wata ashirin in gama biyan ƙungiyar, kuma na bar naira 10,000 tana ci gaba da shiga asusun gida kowane wata saboda kuɗin harsashi.